Jam'iyya da Kan Iyaka: Sharhi a Kan NEPU, Sawaba da Batun Haɗin Kan Afirka ta Yamma

Gabatarwa

Akwai wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo a tsakanin masu nazarin siyasar Afirka ta Yamma, har ta kai ɗalibanmu sun haddace shi suna zubo mana a takardun jarrabawa. Ra'ayin kuwa shi ne, wai abin da ya hana ƙungiyar ECOWAS yin saiwa a zukatan jama'a shi ne rashin jam'iyyun siyasa masu rassa a ƙasashe da yawa, irin waɗanda Turai take da su. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da cewa jam'iyyar EPP, wadda ta tara jam'iyyu masu aƙida ɗaya daga ƙasashen Turai, an kafa ta tun 1976, aka fara zaɓen 'yan Majalisar Turai kai tsaye a 1979, sa'an nan yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta amince da matsayin irin waɗannan jam'iyyu. Daga nan sai su waiwayo gida su ce ai mu ma mun taɓa samun irinta, wato RDA, sakaci ne ya sa ta kuɓuce mana.

Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan ra'ayi, amma ba da mudun Turai ba. Za mu auna shi ne da mudun wuri guda da muka sani, watau karkarar arewacin Jihar Kano. Hujjarmu ita ce, duk haɗin kan da bai taɓa manomin Ɗambatta ko na Makoɗa ba, to, na takarda ne.

Wurin da muke magana a kansa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya san irin ƙasar da muke nufi. Daga Dawanau har a wuce Ɗambatta, da wuya ido ya faɗa kan daji. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, ga gawo da ɗorawa da tsamiya a tsaitsaye cikin gonaki. Binciken da Michael Mortimore ya yi a kewayen Kano tun shekarun 1960 ya nuna yadda yawan jama'a ya sa aka daina barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. To, gonar da gado ya rarraba har ta zama 'yar mitsitsiya ba ta riƙe gida wata goma sha biyu. Dole maigida ya haɗa da fatauci, ko sana'ar hannu, ko cin rani. Kuma babban rabo na wannan nema arewa yake fuskanta: shanu da tumaki da raƙuma da wake da kanwa su gangaro daga Damagaram da Magarya da Matamai, hatsi da tufafi da kayan masarufi su haura. Kasuwar Ɗambatta da ta Maigatari da ta Mai'aduwa duk da wannan kai-komo suke numfashi.

Iyakar da ta ratsa wannan harka ba ta daɗe ba. Ingilishi da Faransawa suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa duwatsun alama tsakanin 1906 da 1908. Saboda haka abin da ake kira haɗin kan yanki, a wurin mutumin wannan karkara, tambaya ce mai sauƙi: ran kasuwa, hanya a buɗe take ko a rufe? In an rufe, wa zai kai wa kuka?

RDA: jam'iyyar da ake yabo

Bari mu fara da wadda ake kafa hujja da ita. An kafa RDA a Bamako cikin watan Oktoba na 1946, a ƙarƙashin shugabancin Félix Houphouët-Boigny, tana da rassa a yawancin ƙasashen da Faransa ke mulka. Reshenta na Nijar shi ne PPN, jam'iyyar Diori Hamani da Boubou Hama, mai alamar giwa. Ba mu musun cewa jam'iyya ce ta ƙasa da ƙasa ta kowace fuska: tana da babban taro, da kwamitin tsakiya, da wakilai a majalisar Faris.

Amma a nan ya kamata mu tsaya mu duba abu biyu. Na farko, iyakar RDA ita ce iyakar mulkin Faransa. Ɗan PPN na Maraɗi ɗan jam'iyya ɗaya ne da mutumin Abijan da na Barazabil, waɗanda ba ya jin harshensu, amma ba shi da reshe a Katsina inda yake da kawunnai. Wato ke nan ta bi shatin da Bature ya zana, ba ta tsallake shi ba. Na biyu, da lokacin gwaji ya zo, ita kanta RDA ba ta iya riƙe 'ya'yanta ba. Bayan dokar 1956 wadda ta ba kowace ƙasa 'yar gwamnatinta, sai gardama ta tashi a kan ko a bar tarayyar Afirka ta Yamma mai cibiya a Dakar ko a rushe ta. Sékou Touré da Modibo Keïta suna son tarayya, Houphouët kuwa ba ya so arzikin koko da kofi na ƙasarsa ya tafi ciyar da ƙasashen Sahel. Shi ya yi rinjaye. Gini ta fice a 1958, Tarayyar Mali ta wargaje a watan Agusta na 1960, abin da ya rage shi ne 'yar ƙungiyar Entente ta 1959, wadda ta haɗa Kwaddibuwa da Nijar da Dahome da Volta ta Sama, ƙungiyar shugabanni ce ba ta jama'a ba.

Wani abin lura kuma ya faru a lokacin yaƙin basasar Nijeriya. A watan Mayu na 1968 Houphouët ya amince da Biyafara a matsayin ƙasa, amma Diori, abokinsa na RDA tun ƙuruciyar siyasa, ya tsaya tare da gwamnatin Janar Gowon. Ba mamaki a ciki. Gyaɗar gabashin Nijar ta Kano take bi ta hau jirgin ƙasa zuwa teku, kuma rabin jama'ar Diori Hausawa ne masu dangi a Arewa. Katin jam'iyya bai rinjayi hanyar gyaɗa ba.

NEPU da Sawaba

Misalin da ya fi kusa da mu, wanda masu wancan ra'ayi ba su cika ambata ba, shi ne na jam'iyyu biyu da ba su taɓa zama ɗaya a takarda ba. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma cikin mutane takwas ɗin da suka kafa ta har da ɗan wannan karkara, Magaji Ɗambatta. Sunanta a bakin jama'a Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. A can Nijar kuwa, Djibo Bakary ya rabu da PPN bayan da RDA ta yanke hulɗa da jam'iyyar Kwaminis ta Faransa a 1950, ya kafa UDN a 1954, wadda daga baya aka fi sani da Sawaba, mai alamar raƙumi. Kalma ɗaya ce, NEPU ta riga ɗaukar ta, kuma ma'anarta ɗaya a Bichi da Tasawa: sauƙi bayan tsanani.

Ba suna kaɗai ya haɗa su ba. Irin mutanen da suka cika su ma ɗaya ne: teloli, da mahauta, da direbobi da yaransu, da 'yan koli, da ƙananan malamai, da matan gari masu zaman kansu, da manoman da suka gaji da haraji da jangali da aikin tilas. Abokin hamayya ma kusan ɗaya ne, domin abin da ɗan NEPU ke kuka da shi game da En'e da hakimi da dagaci, shi ne ɗan Sawaba ke kuka da shi game da sarakunan kanto da kumandan. Waɗannan mutane kuwa su ne masu tafiya. Direban da ya ɗauko kaya daga Damagaram ya kwana a Kano bai bukaci wani babban taro kafin ya gane cewa maganar da ya ji a lacca a Fagge ita ce wadda ya baro a gida ba.

A watan Mayu na 1957 Bakary ya kafa gwamnatin farko ta 'yan ƙasa a Yamai. Ita ma Sawaba ta shiga jam'iyyun ƙasa da ƙasa na zamanin, MSA a 1957, sa'an nan PRA wadda ta yi taronta a Kwatano a watan Yuli na 1958 ta nemi 'yanci nan take. Da Janar de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, 1958, Bakary ya ce a jefa "a'a". Faransa ba ta ga ta zama ba, domin Nijar na maƙwabtaka da Aljeriya inda yaƙi ke ci, kuma ana tsoron in ta ɓalle za ta jingina da Nijeriya da Gana. Aka turo sabon gwamna, Colombani, aka juyar da sarakuna, aka sanar da cewa kusan kashi 78 cikin ɗari sun ce "i", alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 ba. Gwamnatin Bakary ta faɗi, aka haramta Sawaba a watan Oktoba na 1959. Ita PRA ɗin da aka yi alƙawari tare a Kwatano, yawancin rassanta, har da na Senghor a Senegal, "i" suka jefa. A nan ma jam'iyyar takarda ta watse ranar da aka fi bukatarta.

Wa ya karɓi 'yan Sawaba da suka tsere? Shugabanni sun nufi Bamako da Akara, amma talakawan jam'iyya da yawa kudu suka gangaro, Kano ta zama masauki da mahaɗa. Aikin da ya fi kowane zurfi a kan wannan shi ne littafin Klaas van Walraven, The Yearning for Relief, wanda ya fito a 2013 da shafi fiye da 900. Ya dogara da takardun gwamnatin Faransa da hirarraki da tsofaffin 'yan Sawaba, ya nuna yadda magoya bayan NEPU suka ba su masauki da rufin asiri, da yadda aka tura samari koyon yaƙi a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana, har zuwa shigar da suka yi Nijar da makamai a ƙarshen 1964, da gurnetin da aka jefa wa Diori a filin idin Babbar Salla a watan Afrilu na 1965. Lalle ya kamata duk mai koyar da tarihin NEPU ya karanta shi, domin ya fito da wata fuska ta Kano wadda littattafanmu na makaranta suka tsallake.

Duk da haka muna da ƙorafi, wani a kan littafin, wani a kan yadda wasunmu ke karanta shi. Littafin tarihin Nijar ne, saboda haka Kano ta shigo cikinsa a matsayin masauki. Baƙo ne ke ba da labari, mai gida bai samu bakin magana sosai ba. Wannan ba laifin marubuci ba ne, namu ne, mu da muke zaune kusa da Gidan Mambayya da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna. Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Akwai masu ɗaukar wannan labari su ƙawata shi, su ce ga jam'iyyar Hausawa ta ƙasa da ƙasa da aka kashe tun tana jaririya. Mu ba mu ga haka ba. NEPU ba jam'iyyar ƙabila ba ce, abin da take nema shi ne gyaran mulkin En'e da samun iko a Kaduna da Ikko, shi ya sa ta ƙulla ƙawance da NCNC ta kudu a 1954. Sawaba ma Yamai take nema, kuma Bakary kansa Bazabarme ne. Ba su tsayar da 'yan takara tare ba, ba su da asusu ɗaya, ba su fito da wani shiri na bai ɗaya a kan kan iyaka, ko kuɗi, ko farashin gyaɗa ba. Alhali kuwa wannan na ƙarshe shi ne ya fi damun manomi, domin a zamanin hukumar sayen gyaɗa ta Arewa da kamfanin SONARA na Nijar, gyaɗa kan tsallaka da dare a kan jakai zuwa ɓangaren da ya fi biya, kamar yadda John Collins ya nuna a bincikensa na 1976. Manomi ya yi nasa haɗin kan da jaki, jam'iyya ba ta mayar da shi doka ba.

Har ila yau, taimakon da NEPU za ta iya bayarwa ƙanƙane ne. Bayan zaɓen 1959 ƙawarta NCNC ta shiga gwamnatin tarayya tare da NPC, Malam Aminu ya zama mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati a majalisar Ikko, alhali a karkarar Kano ana ci gaba da ɗaure magoya bayansa a kotunan alƙalai. A ƙarshen 1964, daidai lokacin da 'yan Sawaba ke tsallaka iyaka, NEPU tana fama da zaɓen da ya raba ta da kujerunta. Su kuwa masu mulki sun fi 'yan adawa gane junansu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gwamnatin NPC ba ta da wata riba a ganin 'yan'uwan NEPU sun karɓe Yamai. Nkrumah ya faɗi a watan Fabrairu na 1966, a watan Mayu na shekarar Janar Ironsi ya rushe dukkan jam'iyyun Nijeriya. Cikin 'yan watanni Sawaba ta rasa uban gida, ta rasa mai masauki.

ECOWAS da abin da ya biyo baya

Abin da masu wancan ra'ayi ke mantawa shi ne yanayin da aka haifi ECOWAS. Ranar 28 ga Mayu, 1975, da aka sa hannu a Ikko, babu jam'iyya ko ɗaya a Nijeriya, babu a Nijar tun da Seyni Kountché ya kifar da Diori a watan Afrilu na 1974. Janar Gowon da Janar Eyadéma na Togo su suka yi ɗawainiyar kafa ta. Yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba ta zo a 1979, kuma abu ne mai kyau, amma ba wanda ya tambayi manomi kafin a ba shi, saboda haka ba a tambaye shi ba ranar da aka karɓe. A watan Janairu na 1983, cikin mulkin jam'iyyu kuma a shekarar zaɓe, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 aka rufe iyakoki, rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Farar hula sun rufe, soja sun rufe.

PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979 ta soke haraji da jangali, amma kan iyaka ba ya hannun gwamnan jiha. Da jam'iyyu suka dawo Nijar a farkon shekarun 1990, zumuncinsu na waje nesa ya nufa: PNDS-Tarayya, alal misali, ta shiga ƙungiyar jam'iyyun gurguzu ta duniya, inda ta zauna da na Faransa da Jamus. A namu ɓangaren, sashe na 225 na tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya mallakar kuɗi ko kadara a wajen Nijeriya, ko riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje. Hatta zuwan da gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka yi taron yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano a watan Janairu na 2019, surutu ya jawo, aka kira shi katsalandan. Majalisar ECOWAS da aka buɗe a 2000 kuwa, ba a zaɓen wakilanta kai tsaye; majalisun ƙasashe ke tura su, Nijeriya 35, Nijar 6 lokacin tana ciki. Jam'iyyar ƙasa da ƙasa a Turai ta samu abin yi ne saboda akwai kujerar da ake takara a kanta da kasafin kuɗin da ake gardama a kansa. A nan babu kujerar, to, me jam'iyyar za ta nema? Masu ra'ayin sun ɗauki 'ya sun mai da ita uwa.

Abin da ya faru a 2023 ya isa shaida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, har aka yi barazanar kai soja. Kasuwannin dabbobi da na hatsi daga Maigatari zuwa Dawanau suka ji a jikinsu. Sanatocin Arewa na jam'iyyu dabam-dabam sun ƙi amincewa da yaƙi, Majalisar Dattawa ta bi bayansu ranar 5 ga Agusta. Amma a matsayin 'yan Arewa suka yi magana, ba da sunan APC ko PDP ko NNPP ba. Waɗanda ƙofar Janar Tchiani ta buɗe musu tun da wuri su ne Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda ke riƙe da halifancin Tijjaniyya a Nijeriya, da ayarin malamai a ƙarƙashin Shaihu Abdullahi Bala Lau na Izala. Ɗarika da ƙungiyar addini da sarauta da kasuwa, su ne masu rassa a ɓangarorin biyu, su ne suka gaji hanyar da direbobin NEPU da Sawaba suka bi. Sai dai su roƙo suke yi, ba su da ƙuri'ar da za su hukunta wanda ya rufe hanya, kuma a nan ne kawai muke ganin masu wancan ra'ayi suna da 'yar gaskiya.

An buɗe iyakar a watan Maris na 2024. Ranar 29 ga Janairu, 2025, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Mutumin Magarya ba a nemi ƙuri'arsa ba ranar da aka shigar da shi a 1975, ba a nema ba ranar da aka fitar da shi, shi ma na Ɗambatta da ke sayen sansa ba a tambaye shi ba. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita kusan 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka shata ta bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Gonakin wannan karkara, ƙanana kamar yadda muka bayyana, daga cikinsu aka yanki hanyar. Lokacin da aka yanka, tashar farko da ta ƙarshe suna cikin ƙungiya ɗaya. Daga 2025 ba haka ba ne.